Damuwa ta wuce, amma ciwon jiki da gajiya sun ƙi tafiya

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwa ne, ina sana'ar kayan gwari a Mile 12, ina zaune a Agege, shekaruna 44. Kusan shekara biyu na yi cikin tashin hankali. Mota ta lalace a hanya da tumatir ɗinmu, bashi ya hau kaina, ga mahaifina kwance a gida Arewa ina ta zirga-zirga har Allah Ya yi masa rasuwa. Yanzu alhamdu lillahi na biya bashin, abubuwa sun lafa tun wata bakwai da suka wuce. Amma jikina ya ƙi dawowa. Wuyana da kafaɗuna da bayana kullum ciwo, kaina ya yi nauyi, da safe ina tashi a gajiye tilis. An yi mini maganin maleriya da taifot ya fi sau huɗu, an yi mini ƙarin ruwa. Mai kemis yana yi mini haɗi, in na sha na ji daɗi kwana ɗaya, sai ya dawo. Wasu na cewa sanyi ne, wasu na cewa jifa ne. Me ke damuna, kuma yaya zan yi?" Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya ba ku haƙurin rashi. Idan na fahimce ka, abin da kake son sani shi ne dalilin da ya sa jiki bai saki ba alhali abin da ya ɗaure shi ya wuce, ko akwai wata cuta da ta ɓuya ba a gano ba, sannan abin da za ka iya yi da hannunka. Tun farko ka sani ciwon da kake ji na gaske ne, ba raki ba ne. Irin wannan koke yana cikin waɗanda muka fi ji a asibiti daga 'yan kasuwa, direbobi, masu gadi da matan da suka yi doguwar jinya. Akasarinsu suna samun sauƙi sosai, amma fa sai an bi abin daki-daki. Wanda ya fara da motsa jiki bai yi gwajin jini ba, ko ya fara gyaran barci alhali yana kan haɗin kemis, yakan ɓata watanni da kuɗi a banza.

Abin da doguwar fargaba ke yi wa jiki

Duk lokacin da mutum ya hango haɗari, na zahiri ne ko wanda yake saƙawa a ransa, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su kuma su zuba sinadaran adrenalin da kotisol cikin jini. Nan take bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, suga ya yawaita a jini, tsokokin wuya da kafaɗa da muƙamuƙi su ɗaure, narkewar abinci ta ja baya, barci ya zama sama-sama. An yi wannan shiri ne don ya yi aiki na ɗan lokaci ya sauka. Kai kuwa kusan shekara biyu kana cikinsa: wayar direba da tsakar dare, wayar mai bin bashi da safe, wayar gida da gabanka ke faɗuwa kafin ka ɗauka. A tsakiyar rikici mutum bai cika jin gajiyarsa ba, hankalinsa na wani wuri, sinadaran nan kuma suna riƙe da shi a tsaye. Shi ya sa mutane da yawa sai bayan ƙura ta lafa jikinsu ke zubewa.

Sannan akwai abin da ke faruwa da jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo. Saƙo yana tashi daga tsoka ko gaɓa, ya bi ta laka, ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukuncin ko ya isa a ji shi a matsayin ciwo. Doguwar damuwa da ƙarancin barci suna sa wannan hanya ta zama mai saurin firgita. Ka dubi maigadin da ɓarayi suka taɓa shiga wa: bayan an kama su ma, ko kyanwa ce ta taɓa kwano sai ya zabura ya busa usur. Haka jijiyoyinka suke a yanzu. Zama a motar haya ta danfo na awa ɗaya, ko sunkuyawa kan kwando, abin da a da ba ka ko lura da shi, yanzu ana kai rahotonsa a matsayin ciwo. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan, gwajin jini ma ba ya nunawa, shi ya sa ake ce wa mutum "ba mu ga komai ba" ya fito yana jin kamar an ƙaryata shi. Likitoci suna kiran ciwon da ya wuce wata uku ciwo mai daɗewa, kuma kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya amince da irin wanda ba rauni ko wata cuta ce ta haifar da shi ba a matsayin lalura mai zaman kanta.

Daga nan sai abin ya riƙa ciyar da kansa. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara ciwo, mutum ya rage motsi don tsoro, tsoka ta yi rauni, ƙaramin aiki ya riƙa gajiyar da ita.

Kafin a ɗora wa damuwa laifi

Duk wannan bayani ba ya nufin damuwa ce kaɗai ke damunka. Ban gan ka ba, ban taɓa wuyanka ba, kuma babu wani gwaji guda da zai tabbatar cewa damuwa ce sila. Ana isa ga wannan hukunci ne bayan an saurari labarin mutum, an duba jikinsa, an kuma kawar da wasu cututtuka da ke zuwa da irin wannan kama. Don haka aikin farko shi ne ganin likita a asibiti na sosai, ka zauna ka ba shi labarin shekara biyun nan gaba ɗaya, har da bashin da rasuwar. Mutane da yawa suna ɓoye wannan ɓangare suna ganin bai shafi likita ba, alhali shi ne rabin abin da yake bukatar ji. Babban asibitin Orile-Agege yana kusa da kai, idan kuma ana bukatar ƙwararre za su tura ka asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ko LUTH a Idi-Araba.

Gwaje-gwajen da suka dace ba su da yawa. A auna hawan jini sau biyu ko uku a ranaku daban-daban. Idan yana tsayawa a 140 bisa 90 ko sama, yana bukatar kulawa. A auna suga da safe kafin ka ci komai. 126 ko fiye a ma'aunin da aka saba da shi a nan, idan aka maimaita ya sake fitowa haka, ciwon suga ne. A yi cikakken awon jini don ganin ko akwai ƙarancinsa; ga namiji, sinadarin himogulobin ƙasa da 13 ƙarancin jini ne. Ka lura da wannan sosai: namiji mai shekara 44 da jininsa ya yi ƙasa ba maganin ƙarin jini ne bukatarsa ta farko ba, sai an nemo inda jinin ke zurarewa, kuma sau da yawa daga ciki ne saboda magungunan ciwon jiki. A duba aikin ƙoda da hanta, a yi gwajin ciwon hanta nau'in B da na HIV, a kuma duba tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo, domin idan aikinta ya ragu tana kawo kasala, ciwon tsoka da jin sanyi. Idan akwai tari da ya wuce mako biyu, ko zufar dare da ramewa, a yi gwajin majina na tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Batun maleriya da taifot kuwa, da wuya su ne. Taifot zazzaɓi ne mai zafi da ke kwantar da mutum cikin kwanaki, ba ya zama wata bakwai ba tare da zafin jiki ba. Gwajin Widal da ake yawan yi yana nuna alamar cutar ko ga mai lafiya a wuraren da ta yawaita, saboda haka sakamakonsa guda ɗaya ba hujja ba ne. Gwajin da ake dogara da shi shi ne wanda ake rainon ƙwayar cutar daga jini. Maleriya ma ba ta yawaita a Legas kamar yadda ake zato ba. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayarta a jikin kusan kashi 3 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Legas, alhali a Kebbi kusan rabi ne. Kada ka sake shan maganinta sai gwaji ya nuna. Ƙarin ruwa kuma ruwa ne da gishiri ko suga, ba ya ƙara wa mai iya ci da sha komai sai kwanciyar awa biyu da ya samu a kan gado.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: ciwon ƙirji ko haki da ɗan ƙaramin aiki, mutuwar hannu ko ƙafa ko karkacewar baki, ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, ciwon baya tare da kasa riƙe fitsari ko mutuwar tsakanin cinyoyi, aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta. Waɗannan na gaggawa ne, lambobin agajin Legas kuma 112 da 767 ne. Ramewa ba dalili, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, ko gaɓoɓi da suka kumbura suka sanƙare fiye da awa ɗaya kowace safiya, su kuma a gaya wa likita cikin makon.

Haɗin kemis

A cikin wasiƙarka wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Haɗin da ake ƙullawa a leda ba kwali ba suna yawanci yana ɗauke da farasitamol, da ɗaya ko biyu daga dangin diclofenac, ibuprofen da piroxicam, sau da yawa da dexamethasone ko prednisolone, wani lokaci har da tramadol. Daɗin kwana ɗaya da kake ji gaskiya ne, amma ga abin da ake biya. Dangin diclofenac suna cin bangon ciki su kawo olsa da zubar jini, suna hawar da jini, suna kuma lalata ƙoda a hankali, musamman ga mai yini cikin zafin kasuwa yana zufa ba ya shan ruwa sosai. Haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara sauƙi, illar kawai yake ƙarawa.

Dexamethasone da prednisolone su ne ke sa mutum ya ji garau ya ji yunwa, har a ce ya murmure. Da an daɗe a kansu sai fuska ta yi zagaye, tumbi ya fito, cinyoyi su yi rauni, suga da jini su hau, ƙashi ya yi laushi, barci ya ƙara lalacewa. Abin da ya fi haɗari shi ne suna sa halittun nan na saman ƙoda su daina yin nasu kotisol ɗin. Wanda ya sha su kusan kullum fiye da mako uku, idan ya yanke farat ɗaya zai iya faɗuwa da amai, jiri da saukar jini mai haɗari. Tramadol shi ma idan jiki ya saba da shi, ranar da ba a sha ba sai ciwon jiki, zufa, rashin natsuwa da rashin barci, mutum ya ɗauka tsohuwar cutarsa ce ta dawo alhali maganin ne ke kiransa. Masu ƙarfin 200 ko 225 da ke yawo a kasuwa ma ba a yarda da su a ƙasar nan ba. Saboda haka kada ka ci gaba da haɗin, kada kuma ka watsar da shi dare ɗaya idan ka daɗe kana sha kullum. Ɗauki ƙulli ɗaya ka kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ka nemi mai kemis ya rubuta maka sunan kowace ƙwaya, a tsara maka yadda za a janye a hankali.

Farasitamol shi kaɗai ya fi sauƙin illa: ƙwaya biyu masu 500, ba fiye da sau huɗu cikin awa 24 ba, kuma a lura yana cikin magungunan mura da yawa kada a ninka. Amma ko shi, wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yakan koma ya zama mai haddasa ciwon kan. Idan aka daina, kan yakan ƙara ciwo na mako ɗaya ko biyu kafin ya sauka. Wanda ba a gaya masa haka ba yakan koma wa maganin a kwana na uku.

Barci

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da za ka gyara a wannan wata, barci zan zaɓa. Baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9. Ɗan gwari da ke barin Agege kafin Asuba don ya riski sauke kaya a Mile 12, idan ƙarfe huɗu yake tashi, to ƙarfe tara ya kamata ya kasance a kwance. Isha'i a Legas ba ta cika wuce takwas da 'yan mintuna ba, don haka abin mai yiwuwa ne idan aka rage hirar bakin shago da kallon waya. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, har ranar da ba kasuwa. Idan dare bai isa ba, a cike da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan Azahar; wadda ta wuce haka ko aka kai ta La'asar tana cin barcin dare.

Goro, shayi mai kauri, Nescafe da lemukan ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda jiki ke ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Goron da ka ci da La'asar, rabin ƙarfinsa na nan a jininka ƙarfe tara na dare. Ka tsayar da su daga Azahar, a rage a hankali cikin mako guda don gudun ciwon kai. Wayar dare ta direbobi kuma ku raba ta da abokin sana'arka, kowa da darensa. Ƙwaƙwalwar da ke jiran ƙarar waya ba ta shiga barci mai nauyi ko da wayar ba ta yi ƙara ba. Lissafin kasuwa a yi shi a littafi kafin Magariba a rufe. Idan ka kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske kana tasbihi har ka ji gyangyaɗi, sannan ka koma.

Abu biyu da ake mantawa da su a gidajen haya na Legas. Janareta da ke aiki a baranda, ƙarƙashin taga ko cikin lungun gida yana fitar da iskar guba marar wari, kaɗan daga cikinta ma tana sa a tashi da ciwon kai, jiri da kasala, mai yawa kuma tana kisa cikin barci. Idan ciwon kanka ya fi tsanani da safe ya ragu bayan ka fita, ko iyalinka ma suna kukan haka, fara da nan: janareta a fili, nesa da ƙofa da taga. Na biyu, tambayi maiɗakinka ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa. Wannan lalura ce da ke hana barci amfani kuma tana hawar da jini, ana kuma maganinta. Ƙwayoyin barci irin su diazepam da Lexotan kuwa ka nisance su, jiki na saurin sabawa da su.

Awon ƙarfi

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne, ranar da ya ji dama-dama sai ya yi aikin kwana uku, washegari ya kwanta, ya huta kwana biyu, ya sake. Kwanciya mai yawa tana raunana tsoka, yin aiki da ƙarfin hali kuma yana ƙara firgita jijiyoyi. Abin da ke aiki shi ne motsi daidai gwargwado, iri ɗaya kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Ga yadda ake aunawa. Kwana uku a jere ka yi tafiyar ƙafa a natse, ka duba minti nawa ka yi kafin ciwo ko gajiya su fara hawa. A ce ka samu 10, 15 da 20; matsakaicinsu 15 ke nan. Cire kashi ɗaya cikin biyar, ya rage 12. To minti 12 za ka riƙa yi kullum, ranar daɗi kada ka wuce, ranar wuya kada ka fasa. Duk mako ka ƙara minti ɗaya ko biyu. Inda ake so a kai shi ne minti 30 sau biyar a mako, wato minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Tsayuwar yini a rumfa ba ta shiga wannan lissafi ba, domin tsoka a ɗaure take ba motsi take yi ba. Bayan Asuba ko gab da Magariba ya fi, lokacin da rana ba ta da zafi. Idan ciwo ya ɗan ƙaru yayin tafiya ya kuma sauka kafin washegari, ba ɓarna ake yi ba, ci gaba. Idan ya kwana biyu bai sauka ba, koma adadin makon da ya gabata.

Wuya da kafaɗa suna son nasu aiki. Ka zauna a miƙe, ja haɓarka baya ba tare da ka sunkuyar da kai ba, riƙe daƙiƙa biyar, sau goma. Matse allunan kafaɗa biyu zuwa juna ta baya, daƙiƙa biyar, sau goma. Tashi daga kujera ka zauna ba tare da dafa hannu ba, sau goma. A yi safe da yamma, duka bai kai minti goma ba. Gashi da tawul mai ruwan ɗumi minti 15 zuwa 20 kafin barci yana sassauta tsoka, tausa da man zafi ma haka, sai dai sauƙinsu na ɗan lokaci ne. Kwando mai nauyi a bar wa 'yan dako tukuna na wata biyu. Likitan fisiyo, wato masanin gashi da motsa gaɓoɓi, zai iya tsara maka wanda ya dace da jikinka idan wani motsi ya ƙi.

Akwai togaciya guda mai muhimmanci. Wasu mutane, musamman bayan zazzaɓin ƙwayar cuta irin korona, suna da wata lalurar gajiya ta daban: ɗan aiki kaɗan, sai bayan awa 12 zuwa 48 jiki ya rushe na kwanaki, da nauyin kai da jin kamar mura. Ga irin waɗannan, ƙara motsi mako-mako yana iya ƙara cutar, har hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye wannan shawara a kansu a 2021. Idan haka naka yake, tsaya a iya abin da jiki ke ɗauka ba ƙari, ka gaya wa likita.

Numfashi kuma hanya ce ta kai tsaye ta saukar da bugun zuciya. Shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu har ciki ya taso, saki a hankali kana ƙirga shida, na minti biyar. Ka liƙa shi da zaman bayan salla don kada ka manta. Idan ka ji jiri, kana cika shaƙa ne, sassauta. Game da abinci ba sai na tsawaita ba: kada ka fita da shayi kaɗai ka kai Azahar, a samu wake, ƙwai ko kifi da ganye, ruwa kuma har fitsari ya zama fari-fari.

Zuciya, da maganar jifa

Ka rasa uba a lokacin da bashi bai bar ka ka zauna ka yi jimami ba. Irin wannan baƙin ciki yakan jira. A cikin mutanenmu ciwon damuwa mai tsanani bai cika zuwa da kalmar "ina baƙin ciki" ba, ya fi zuwa da nauyin kai, zafi a cikin jiki, jin abu na yawo a fata, da gajiyar da barci ba ya kawarwa. Tambayi kanka: cikin mako biyun nan, yawancin kwanaki ranka a ɓace yake? Abubuwan da kake jin daɗinsu a da, hira, ciniki, wasa da yara, sun fita daga ranka? Idan e ne ga ɗaya daga ciki, faɗa wa likita da bakinka. Idan har tunanin cewa mutuwa ta fi maka ya taɓa zuwa, a ranar za ka gaya wa wani na kusa ku tafi asibiti tare. Mutane na tsoron sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, alhali da yawan masu zuwa can rashin barci da fargaba ne suka kai su, su ga likita su koma sana'arsu a ranar.

Ga irin ciwonka, magungunan da suka fi amfani su ne masu kwantar da jijiyoyi, kamar amitriptyline ƙarami, miligiram 10 zuwa 25 da dare, ko duloxetine. Likita ne zai rubuta bayan ya duba zuciya da sauran magungunanka, domin ba a haɗa su da tramadol. Suna ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, da farko kuma amitriptyline na kawo bushewar baki da nauyin ido da safe, don haka a sha shi da wuri, kada a yi tuƙi sai an ga yadda jiki ya karɓa. Zama da masanin halayyar ɗan Adam, inda ake koyon yadda za a bi da tunani da tsoron ciwo, shi ma magani ne da aka tabbatar da amfaninsa.

Addu'a, sadaka ga mahaifinka da ruƙiyya ta shari'a ba su yi karo da komai cikin abin da na faɗa ba, natsuwar da suke kawowa ma taimako ce. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka sha jiƙo ko agbo da ba ka san abin da ke ciki ba, don ana samun waɗanda ake zuba wa ƙwayoyin asibiti a ɓoye, ƙodarka kuma ta riga ta sha haɗi. Idan za a yi ƙaho, da sabuwar reza. Kuma kada ka bari a nuna maka wani ɗan'uwa ko maƙwabcin rumfa a ce shi ne. Duk alamun da ka lissafa suna da bayani a cikin abin da ya same ka, zargi kuwa sabuwar fargaba ce da za ta hana jijiyoyin nan sauka.

Game da lokaci, barci ne yakan fara gyaruwa cikin mako biyu zuwa huɗu, ƙarfi ya biyo baya, ciwo ne ke zuwa ƙarshe, sau da yawa sai an yi wata uku zuwa shida. Ba kowa ne ciwon ke barinsa gaba ɗaya ba. Wasu yakan ragu ne har ya daina hana su komai, ya riƙa leƙowa lokacin da kasuwa ta rikice ko bayan doguwar tafiya Arewa a mota. Ranar da ya leƙo, rage tafiyar ƙafarka zuwa rabi na kwana biyu ko uku, yi gashi, kiyaye lokacin barci, sannan ka koma inda ka tsaya. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta awannin barci, mintunan tafiya, da ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10 kowace rana, ka tafi da shi duk zuwa asibiti. Idan wata uku suka cika kana bin wannan tsari babu wani canji, ko wata sabuwar alama ta fito, a sake duba ka daga farko har da maimaita gwaje-gwajen da aka riga aka yi, domin cututtukan gaɓoɓi da na tayirod wani lokaci ba sa bayyana a gwajin farko.